Yadda Za Ka Mayar da Kwamfutar Hannu Na'urar Ko-ta-kwana a Jirgin Ruwa

Babbar na'urar taswira da ke gaban sitiyarin jirgi, duk tsadarta da kyan fuskarta, rayuwarta a kan siririyar waya ɗaya ta rataya, wadda ta taso daga batir. Fis ya ƙone, ko gishiri ya cinye bakin wayar, ko ruwa ya shiga inda batir yake, shi ke nan fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Kuma abin ba ya zaɓar lokaci. Sau da yawa ma a mummunan yanayi yake faruwa, domin girgizar igiyar ruwa da feshinta su ne ke tona asirin wayar da ta daɗe tana ruɓewa.

Shi ya sa ba na barin gaɓa sai da kwamfutar hannu, wato tabilet, a cikin jakata. Amma ka riƙe wannan tun daga farko: tabilet ba ta zama ta ko-ta-kwana ba sai in ba ta haɗa komai da babbar na'ura ba. Kada su sha wuta daga batir ɗaya, kada su dogara da eriya ɗaya, in da hali ma kada su yi amfani da taswirar kamfani ɗaya. Abin da ya kashe waccan bai kamata ya iya taɓa wannan ba. Duk sauran bayanin da zan yi, daga nan ya samo tushe.

Ka fara tabbatar da cewa tana da GPS na gaskiya

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Mutum zai buɗe taswira a ɗakinsa, ya ga shuɗin ɗigo ya tsaya daidai kan gidansa, sai ya ɗauka tabilet ɗinsa tana da GPS. Ba lallai ba ne. Tana iya gano wurin ta hanyar Wi-Fi na gidajen da ke kewaye, kuma da zarar ka yi nisa da gaɓa, ɗigon nan zai daskare ko ya ɓace.

A ɓangaren iPad dokar a bayyane take: ƙirar da ke da Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS a cikinta, sai ƙirar da ke karɓar layin waya. Ba sai ka sa mata layi ba, ba sai ka sayi data ba, abin da kake nema shi ne ƙwayar GPS ɗin da ke zuwa tare da wannan ƙirar. Masu Android kuwa, da yawansu na da GPS ko da ba sa karɓar layi, amma ba duka ba, musamman masu araha. Ka duba takardar bayanin ƙirar kafin ka saya. In ka ga an rubuta GPS tare da GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai ko BeiDou na Sin, to ya fi, domin yawan taurarin da take ji na sa ta gano wuri da sauri, ta kuma riƙe shi.

GPS ba ya buƙatar sabis. Taurarin ɗan'adam ɗin na yawo a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa suna watso saƙo, na'urarka kuma saurare kawai take yi. In ta ji aƙalla huɗu, za ta lissafa inda take. Buɗaɗɗen ruwa ma ya fi cikin gari daɗin aiki a wurinta, tunda babu dogayen gine-gine da za su tare sama. Abin da sabis ke yi mata shi ne ya gaya mata inda taurarin suke tun kafin ta neme su. In babu shi, kuma ta daɗe a kashe, sai ta tattaro bayanin da kanta daga sama, wanda ke iya ɗaukar mintuna. Saboda haka nake kunna tawa a tasha kafin a kwance igiya, in bar ta ta kama wuri, sannan in mayar da ita maɓoyarta.

In tabilet ɗin da ke hannunka ba ta da GPS, ba sai ka jefar da ita ba. Akwai 'yan ƙananan na'urori masu batirinsu, irin su Garmin GLO da Bad Elf, da ke turo mata wuri ta Bluetooth. Suna aiki da kyau, kuma a jirgin ƙarfe ko na alminiyam, inda saƙon taurari ba ya ratsa jiki ya shiga ɗaki, su ne mafita, domin za ka ajiye su a waje ko a bakin taga. Sai dai ni na fi son wadda GPS ke cikinta. Duk abin da ka ƙara, ka ƙara abin da za ka yi wa caji, da abin da zai iya ƙin haɗuwa a ranar da kake cikin damuwa.

Manhaja da taswira

Taswirar mota da ke wayarka ba ta san zurfin ruwa ba, ba ta san dutsen da ke kwance a ƙarƙashinsa ba. Manhajar masu jirgi ake nema: Navionics, C-MAP, iNavX, Aqua Map, ko OpenCPN wadda masu sa kai suka gina. Ba zan ce maka ga wadda ta fi ba, domin ingancin taswira ya danganta da ruwan da kake bi. Shawarata ɗaya ce: in babbar na'urarka na amfani da taswirar wani kamfani, ka sa ta wani daban a tabilet. Inda biyun suka yi daidai, hankalinka ya kwanta. Inda suka saɓa, wuri ne da za ka rage gudu ka buɗe ido.

Sai saukewa. Manhajar na nuna maka taswira mai kyau muddin akwai intanet, amma abin da ka sauke a cikin tabilet kaɗai zai rage maka a kan ruwa. Ka sauke duk yankin da za ka bi, ka ƙara da tashoshin da ba ka da niyyar shiga, domin ranar da injin ya ba da matsala ko iska ta juya, tashar da ba ka shirya mata ba ita za ka nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma intanet ɗin tasha bai cika ɗaukar manyan fayil ba. A gida ake gama wannan aiki.

Bayan ka sauke, ga gwajin da ba na tsallakewa. Ka sa tabilet a yanayin jirgin sama, ka kashe Wi-Fi, ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa, sannan ka fita waje ka buɗe manhajar. Shin ta buɗe, ko tana neman ka shigar da kalmar sirri? Taswirar na nan da lambobin zurfinta, ko fili ne kawai? Ɗigonka ya fito? Yawancin manhajojin nan na biyan kuɗin shekara ne, ka duba ranar da naka zai ƙare, ka rubuta ta a jikin jakar. Ka kuma kashe sabuntawar da ke yin kanta, kada tabilet ta kwana da sabon tsari ka tashi ka tarar manhajar ta canza fuska ko ta ƙi buɗewa.

Yanzu ga abin da na fi so ka natsu a kansa. Taswirar kwamfuta iri biyu ce. Akwai wadda hoton taswirar takarda ce kawai: in ka jawo ta kusa rubutu ya yi girma, in ka tura ta nesa ya ƙanƙance, amma babu abin da ya ɓace. Akwai kuma wadda aka gina hawa-hawa, wadda yawancin manhajoji ke amfani da ita yanzu. Ita wannan, in ka matse yatsu biyu don ka ga faɗin teku, sai ta fara ɓoye ƙananan abubuwa don kada fuskar ta cika. Gwada da kanka a wurin da ka san akwai dutse. Daga nesa za ka ga ruwa shuɗi sumul. Ka buɗa yatsu kaɗan, sai layin zurfi ya fito. Ka ƙara, sai ga 'yar alamar gicciye da lamba a gefenta. Dutsen yana nan tun farko, manhajar ce ta ga bai kai a nuna shi a wancan nisan ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 29 ga Nuwamba 2014, jirgin tsere mai suna Vestas Wind, a gasar Volvo ta zagaya duniya, yana kan hanya daga Cape Town zuwa Abu Dhabi, ya hau duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare, yana gudun kusan not 19, wato mil na teku 19 a awa. Duwatsun sun miƙe tsawon kilomitoci masu yawa a arewa maso gabashin Mauritius, kuma ƙwararru ne a cikin jirgin, da kayan aiki na zamani. Binciken da aka yi ya nuna cewa a nisan da suke kallon taswirar, haɗarin bai fito fili ba. Allah ya kiyaye, duk mutum taran da ke ciki sun tsira, amma jirgin ya yi raga-raga. In haka ta faru da masu manyan kwamfutoci, ina ga kai mai fuskar inci 10? Don haka duk hanyar da ka zana, ka jawo taswira kusa sosai, ka bi layin da yatsa daga farko har ƙarshe, taki-taki. Aiki ne mai cin lokaci, amma ban san wata hanya da ta maye gurbinsa ba. Haka nan in manhajar ce ta zana maka hanyar da kanta: shawara ta ba ka, duba ta aikinka ne.

Kada kuma kyan launi ya ruɗe ka. GPS na iya gaya maka inda kake da kuskuren 'yan mitoci kaɗan, amma taswirar da ya ɗora ka a kai, a wasu sassan duniya, daga awon ƙarni na 19 aka kwafo ta, lokacin da ake jefa igiya mai darma don auna zurfi. A bakin kogi kuwa tudun yashi na ƙaura daga wannan shekara zuwa waccan. Ka bar wa kanka tazara.

Saitin da za ka yi sau ɗaya

Ka sa tabilet ta yi magana da harshe ɗaya da babbar na'ura. In waccan na auna zurfi da mita, wannan ma mita. Mita 3 da ƙafa 3 ba ɗaya ba ne, kuma gajiyayyen ido ba ya tsayawa karanta ƙaramin harafin da ke gefen lamba. Nisa kuma ka sa shi a mil na teku, wanda yake mita 1,852, gudu a not, wato mil ɗaya na teku a awa. Ka shigar da zurfin da jirginka ke ci, ka ƙara masa rata, domin manhajar ta canza launin duk wurin da bai kai haka ba. Ka tuna lambobin zurfi a taswirar teku daga matakin janyewar ruwa ake auna su, don haka ka tabbata jadawalin cikowa da janyewar teku ma yana buɗewa ba tare da intanet ba.

Yadda ake rubuta latitud da lonjitud, wato lambobin da ke nuna wuri a doron ƙasa, shi ma tarko ne. Masu jirgi sun saba da digiri da minti, wasu manhajoji kuma digiri da ɗigo suke nunawa. Digiri 4.30 ba shi ne digiri 4 da minti 30 ba, digiri 4 ne da minti 18. Bambancin minti 12 ne, kuma tunda minti ɗaya na latitud kusan mil ɗaya ne na teku, ka kauce da fiye da kilomita 22 ke nan. Ka yi tunanin kana karanta wa masu ceto wannan lambar ta rediyo. Ka sa ta a digiri da minti, irin na taswirar takarda. GPS na aiki da ma'aunin taswira mai suna WGS84, ka duba gefen taswirarka ta takarda ko ita ma da shi aka zana ta, domin wasu tsofaffi na iya saɓawa da ɗaruruwan mitoci.

Hanyoyi da zangunan da ka adana a babbar na'ura, ka kwafo su. Kusan duk na'urori da manhajoji na karanta fayil ɗin GPX, wato fayil ɗin da ake adana hanyoyi da zanguna a ciki. Ka ba kowane zango suna da za ka gane cikin duhu da gaggawa, ba lamba kawai ba.

Akwai 'yar na'urar da ke watsa bayanan jirgi ta Wi-Fi, ta turo wa tabilet zurfi, iska, da jiragen da AIS, wato na'urar gano jiragen da ke kusa, ke gani. Tana da daɗin aiki a ranar lafiya. Amma daga batirin jirgi take sha, in wuta ta ɗauke tare za su tafi. Ka koyi inda ake juya manhajar ta koma kan GPS na cikin tabilet, ka gwada juyawar har hannunka ya saba.

Wuta, rana da ruwa

Waɗannan ukun su ke kayar da tabilet a jirgi, kuma kamfanin da ya ƙera ta bai yi ta don su ba.

Awannin da aka rubuta a kwali, da matsakaicin haske aka auna su a cikin ɗaki. A kan ruwa haske na ƙarshe za ka sa, GPS na aiki ba tsayawa, sai ka ga batir na zuba. Ka tafi da ita a cike, da fawa banki a cike, da igiyar caji biyu, domin igiya ce ke fara mutuwa. Fawa banki mai 20,000 mAh na ɗauke da kimanin Wh 74 (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), batirin matsakaiciyar tabilet kuma wajen Wh 30 ne, in ka cire abin da ke salwanta a hanya, zai cika ta kusan sau biyu. Cajar da za ka soka a soket ɗin jirgi mai bolt 12, ka nemi mai ba da amfiya 2.4 zuwa sama, ko mai USB-C mai saurin caji. Ƙaramar caja za ta nuna alamar tana caji alhali lambar batir na ci gaba da sauka. Wasu cajoji masu araha kuma na fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi. Ka kunna rediyon a tashar da ake magana daga nesa, ka soka cajar, in ka ji shuuu ya rufe muryar, ka canza ta.

Zafi ya fi ban tsoro, domin ba ya sallama. Apple ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyas. Baƙar fuska a cikin jakar roba, a ƙarƙashin rana tsaka, tana caji, za ta wuce haka nan da nan. Da farko za ka ga haske ya ragu da kansa, kana ƙara shi ba ya ƙaruwa. Daga nan caji ya tsaya. Sai taswirar ta ɓace, saƙo ya fito cewa sai ta huce. Ka taɓa bayanta ka ji kamar za ta ƙona maka tafin hannu, kuma babu abin da za ka yi sai jira. Maganinsa inuwa: ka kafa ta ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa, ka rufe fuskar da farin ƙyalle in ba ka kallo. In ta riga ta yi zafi, ka cire cajar, ka fitar da ita daga jaka, ka kai ta inuwa. Kada ka sa ta cikin ƙanƙara, raɓa za ta taru a cikinta.

Hasken fuskarta ma bai kai na babbar na'ura ba. Yawancin tabilet na tsayawa wajen nit 500 a ma'aunin haske, na'urorin jirgi kuwa na kai 1,000 ko fiye. In kana sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka gwada shi da ita a tsaye da a kwance, domin a wani ɓangaren fuskar na iya yin duhu gaba ɗaya.

Ruwa kuma ta hanya biyu yake cutarwa. Ɗigon ruwa a kan gilashi, tabilet na ɗaukarsa yatsa ne: taswira ta dinga tsalle, zango ya matsa daga inda ka ajiye shi, kai kuma kana dannawa da jiƙaƙƙen hannu ba ta jin ka. Busasshen tsumma a aljihu na magance rabin wannan. Ta biyun ita ce gishiri a ramin caji. Ko an rubuta IP67, wato ta jure mita 1 na ruwa har minti 30, da ruwan daɗi aka yi gwajin, kuma da zarar ka buɗe murfi ka soka igiya kariyar ta ragu. Kada ka yi caji ramin na jiƙe. Ka sa ta a jaka mai hana ruwa, ka ɗaura mata igiya a jikin jirgi, domin tabilet ba ta iyo.

Abu biyu da ake mantawa. Tabilet na da maganaɗisu a jikinta da murfinta da lasifikarta, kuma in ka jingina ta kusa da kamfas ɗin tuƙi za ta karkatar da shi. Ka matso da ita a hankali kana kallon kamfas, inda ka ga ya fara motsi, ka san iyakarta, ka ƙara nisa a kai. Na biyu, in hadari mai tsawa ya taso, ka cire ta daga caji ka rufe ta cikin akwatin ƙarfe. Aradu in ta faɗa kan jirgi ko kusa da shi, takan ƙone duk abin da ke haɗe da wayoyinsa.

Lokacin da babbar na'ura ta mutu

Abu na farko ba tabilet ba ne. Ka dubi kamfas ka riƙe alƙiblar da kake kai, ka rage gudu, ka ɗaga kai ka dubi kewayenka. In ruwa mai faɗi ne, kana da lokaci. In kana cikin ƙunci tsakanin duwatsu, gara ka tsaya cak ko ka jefa anka da ka ci gaba da tafiya kana laluben jaka. Ka rubuta lokaci da wurin ƙarshe da ka sani. In ba kai kaɗai ba ne, ka ba wani sitiyari ko ka ba shi tabilet, mutum ɗaya ba ya yin duka biyun da kyau.

Da ta buɗe, kada ka gaskata ɗigon farko. Ka ba ta ɗan lokaci, ka ga lambar gudu ta yi daidai da abin da jikinka ke ji, ka ga alamar jirgin na tafiya ba tsalle ba. Sannan ka gwama abin da ta ce da wani abu na zahiri. Ta ce hasumiyar fitila na hannun dama, tana nan? Ta ce zurfi mita 8, na'urar auna zurfi ko igiyar awo me ta ce? Ka auna alƙiblar wani tsauni ko fitila da kamfas na hannu, ka ga ko layin ya ratsa ta inda ɗigon yake.

Dalilin da ya sa nake nanata gwamawa shi ne labarin Royal Majesty, jirgin fasinja mai ɗauke da mutum fiye da 1,500 da ya taso daga Bermuda zuwa Boston. Wayar eriyar GPS ɗinsa ta cire jim kaɗan bayan tashi, na'urar ta koma ƙiyasta wuri daga gudu da alƙibla, ta ci gaba da nuna lambobi kamar lafiya lau. Fiye da yini guda ana bin ta, har jirgin ya kauce da mil 17 ya kafe a tudun yashi kusa da tsibirin Nantucket na Amurka a ranar 10 ga Yuni 1995. Akwai wata na'urar gano wuri ta daban a cikin jirgin, mai suna Loran-C, wadda da an gwama lambobinta da na GPS yadda ya kamata da an gane tun da wuri. Na'ura ta biyu ba ta da amfani in ba a kallonta. Don haka ko babbar na'urata na lafiya, nakan leƙa tabilet lokaci-lokaci in ga ko bakinsu ɗaya.

Ka fahimci layin da ke fita daga goshin alamar jirginka. A yawancin manhajoji, yana nuna inda jirgin ke tafiya a zahiri, ba inda goshinsa ke kallo ba. In ruwa na jan ka gefe, biyun za su bambanta, kuma wannan bambancin ilimi ne: yana gaya maka yawan abin da za ka karkata. Amma in gudu ya yi ƙasa sosai, layin zai dinga juyi ba kai ba gindi, domin daga motsi ake lissafa shi. A nan kamfas ɗin jirgi za ka bi. Kamfas na cikin tabilet kuwa ban yarda da shi a tuƙi ba, ƙarfen jirgi da injin na rikita shi.

Ka yi tattalin batir tun daga mintin farko, tunda ba ka san yaushe wuta za ta dawo ba. A buɗaɗɗen ruwa ba sai fuskar ta zauna a kunne ba: ka duba, ka ɗauki alƙibla, ka kashe fuska, ka yi tuƙi da kamfas. Ka ajiye ƙarfinta don shiga tasha, inda za ka buƙace ta kowane daƙiƙa. Da dare ka juya ta zuwa launin dare, ka rage haske har ƙasa, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa na rushe wannan cikin ƙiftawa, ka rasa ganin ƙaramin jirgin da ba shi da fitila. Doka ta 5 cikin dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta wajabta wa kowane jirgi sa ido da kasa kunne a kowane lokaci, kuma mai sunkuye a kan gilashi ba ya cika wannan.

Akwai ranar da tabilet ba za ta cece ka ba, gara ka sani. Ita da babbar na'ura duk taurari suke saurare. A wasu ruwaye, kamar Tekun Baltik, Baƙin Teku, gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya, jirage sun sha ba da rahoton toshe saƙon GPS ko gurɓata shi, har na'ura ta nuna jirgi a kan tudu. In haka ta faru, duka biyun za su yi ƙarya tare. Shi ya sa kowace awa nake rubuta lokaci, wuri, alƙibla da gudu a littafi da fensir, kuma taswirar takarda ta yankin na nan a naɗe. Da waɗannan huɗun za ka iya ƙiyasta inda kake ko babu na'ura ko ɗaya.

Kada ranar matsala ta zama ranar da za ka fara koyon manhajar. Ka zaɓi rana mai haske da kwanciyar ruwa, a wurin da ka sani, ka rufe babbar na'ura da tsumma, ka shiga tasha da tabilet kaɗai. A nan za ka gane cewa inda ka kafa ta rana na dukan ta, ko igiyar caji ba ta kai ba, ko ba ka san inda maɓallin alamar mutum ya faɗa ruwa yake ba. Ka sa duk wanda ke yawan fita da kai ya yi haka shi ma, ya san lambar buɗe ta, ya iya karanta latitud da lonjitud da babbar murya kamar yana faɗa a tasha ta 16 ta rediyo, wadda ake neman agaji a kanta, domin wata rana mai yiwuwa kai ne ba ka da halin yi.

In kun dawo, ka fitar da ita daga jaka, ka goge ta da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi, ka bar ramin caji ya bushe sarai kafin ka soka komai. A gida za ka sabunta taswira da manhaja, kuma duk sabuntawar da ka yi, ka maimaita gwajin yanayin jirgin sama kafin ka mayar da ita jaka.